Shafin da ya ƙi rufuwa: yadda za ka fita ba tare da ka kira lambar kowa ba

Ranar wata Asabar da hantsi, ana tsakiyar hunturu, wani dattijo ya sauka daga Keke a ƙofar shagona da ke Samaru a Zariya, rungume da kwamfutar cinya an naɗe ta cikin tawul. Tsohon malamin firamare ne, daga Tudun Wada ya taso. Yana ɗaga murfinta sai ta ɓarke da jiniya irin ta motar asibiti, ga muryar wata Baturiya tana ta nanata magana ɗaya. Fuskar kwamfutar ta cika da shuɗin launi da jan rubutu, an liƙa tambarin Microsoft a sama. Rubutun yana cewa an kulle ta ne saboda an kama ta da ƙwayoyin cuta da hotunan batsa, kada ya kashe ta, ya kira wata lamba nan take.

"Baba, kun kira lambar?" Ita ce tambayata ta farko.

"Sau biyu na gwada, ɗana. Layin ne bai shiga ba."

"Alhamdu lillahi da bai shiga ba. Ku zauna ku huta."

Na danne maɓallin Esc na riƙe shi, hoton ya tsuke ya koma cikin burauza, na danna Ctrl da W. Jiniyar ta ɗauke ɗif. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Ya daɗe yana kallon kwamfutar kafin ya ce, "To, takarduna na fansho fa?" Na buɗe masa su ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan lafiya lau.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan bawan Allah kwana ya yi bai runtsa ba, kuma bai faɗa wa kowa a gidansa ba, saboda kalmar batsa da ya gani. Mutum mai mutunci a unguwarsa, an sa shi jin kunyar laifin da bai aikata ba. Shekaru ina gyaran kwamfuta da waya a nan, kuma da wuya wata ya wuce ban ga irin wannan ba, musamman lokacin rajistar JAMB da lokacin da ɗaliban jami'a ke rububin rubuta furojet. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Me shafin yake yi a zahiri?

Shafukan intanet suna zuwa da 'yan umarni da ake rubutawa da harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. Burauza, wato Chrome ko Firefox ko Edge ko Opera, ita ke karanta umarnin ta aiwatar. Yawancin abin da macuta ke amfani da shi an yi shi ne don alheri. Idan kana cike fom ɗin rajistar kwasa-kwasai ka kai rabi, sai hannunka ya taɓa wurin rufewa bisa kuskure, ɗan akwatin nan da ke tambayarka ko da gaske za ka fita shi ke cetonka daga sake farawa. Da can mai shafi yana iya rubuta abin da ya ga dama a cikin akwatin, sai 'yan damfara suka riƙa rubuta barazana a ciki. A 2016 Chrome ta hana, yanzu saƙo iri ɗaya kowane shafi ke nunawa. Amma kafin nan an sha wahala. A 2013 an yi wani shafi da ya kwaikwayi hukumar FBI ta Amurka yana neman tarar dala 300, kuma an shirya shi ta yadda sai mutum ya amsa tambayar fita sau 150 kafin ya rabu da shi.

Dabarar da ta fi yawa yanzu ita ce wadda ta kama dattijon nan. Da zarar ka taɓa ko'ina a jikin shafin, sai ya baje ya cika fuskar kwamfutar gaba ɗaya, ya rufe wurin adireshi da layin ƙasa mai agogo, wani lokaci ya ɓoye kibiyar linzami (wato mouse), ya riƙe wasu maɓallan. Daga nan sai ya zana hoton tagogin Windows na bogi, har da alamar X da in ka danna ba ta yin komai, ko ta buɗe wani shafin. Kai kana ganin kwamfutarka ce ke magana, alhali hoto ne aka shimfiɗa maka.

Akwai masu cusa adireshinsu sau da yawa a tarihin burauza, ta yadda ko sau nawa ka danna komawa baya nan za ka sake faɗowa. Akwai kuma masu ɗora wa burauza aikin da ya fi ƙarfinta har ta sandare. A 2018 an ga shafukan da ke sa Chrome ta kama adana dubban fayiloli a lokaci guda har ta daina motsi. Kamfanonin burauza suna toshe wata kafa, macutan suna neman wata.

Ga abin da nake so ka riƙe. Burauza ta ɗaure kowane shafi kamar akuya a turke: kome kukanta, iyakarta tsawon igiyarta. Shafi ba ya iya leƙa cikin kwamfutarka ya ƙirga ƙwayoyin cuta, don haka duk inda ka ga an rubuta an sami guda 5 ko guda 28, kowa ya buɗe shafin lambar da zai gani ke nan. Idan ya ambaci sunan wayarka, burauza ce ke faɗa wa shafuka irin na'urar da ke buɗe su. Idan ya ambaci gari, daga layin sadarwarka ya kintata, shi ya sa kana zaune a Kwangila zai ce kana Legas ko Abuja. Kuma Microsoft da kanta ta sha faɗa cewa saƙon gargaɗinta na gaskiya ba ya ɗauke da lambar waya. Ganin lambar waya kaɗai ya ishe ka shaida.

Idan a kwamfuta ne

Zan rubuta sunayen maɓallai da kalmomin kamar yadda za ka gan su a na'urarka.

Kafin komai, ɗauke hannunka daga linzami. Kada ka danna komai a cikin shafin, ko da an rubuta Cancel ko Close ko an zana X, domin su suka zana su. Rage ƙarar lasifika, ko ka kashe ta baki ɗaya. Wannan ba ƙaramin mataki ba ne. Jiniyar nan an sa ta ne don ta hana ka tunani, kuma na lura mutum yana dawowa hayyacinsa da zarar ta yi shiru.

Sai ka yanke intanet. Idan daga wayarka kake bai wa kwamfutar data, kashe a wayar. Idan 'yar na'urar wayfai ce, kashe ta, idan igiya ce, zare ta. Shafin da ya riga ya buɗe zai ci gaba da zama, amma ba zai iya jawo wani sabo ba, kuma ba zai iya sake lodawa ba bayan ka rufe.

Yanzu danna Esc. Idan dannawa ɗaya ba ta yi ba, danne shi ka riƙe na 'yan daƙiƙai. Nan ne mutane da yawa ke karaya, su taɓa shi sau ɗaya su ce ba ya aiki. Shafi yana iya riƙe taɓawa ɗaya, amma an gina Chrome da Edge ta yadda dogon danni zai fitar da kai ko shafin ya so ko bai so ba. F11 ma yakan taimaka. Da ka ga wurin adireshi ya dawo, ga kuma 'yan kunnuwan shafuka a jere a sama, ka san ka ga gaskiyar lamarin: shafi ɗaya ne cikin shafuka.

Danna Ctrl da W tare, shi ke rufe shafin da kake kai. Idan akwati ya sauko daga sama yana tambaya "Leave site?", zaɓi Leave. Wannan akwatin na burauza ne, ana iya yarda da shi. Idan akwatunan saƙo suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, duba ko akwai ɗan gurbi da ke cewa a hana wannan shafi ƙara fito da saƙo, ka sa masa alama sannan ka rufe.

In duk wannan bai yi ba, sai a zagayo ta waje. Shift da Esc suna buɗe ɗan jerin ayyukan burauzar kanta, inda za ka ga kowane shafi da yawan ƙarfin da yake ci. Zaɓi mai laifin, danna End process. Na fi son wannan hanyar idan ɗalibi yana da wasu shafuka masu muhimmanci a buɗe, domin guda ɗaya kawai take kashewa. Idan burauzar ta sandare gaba ɗaya, danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager na Windows zai fito, ka zaɓi sunan burauzar, ka danna End task. Idan shi ma ya ɓuya a bayan shafin, danna Ctrl da Alt da Delete. Wannan haɗin babu shafin da ke iya tare shi, Windows ce kaɗai ke amsa shi. Masu kwamfutar Apple kuma Command da Option da Esc ne nasu.

Hanya ta ƙarshe ita ce danne maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 10 har ta mutu. Shafin zai ce in ka kashe za ka rasa komai. Ƙarya ne. Abin da kawai za ka iya rasawa shi ne rubutun da kake yi ba ka adana ba, don haka in kana da aiki a buɗe a Word, ka fara gwada hanyoyin da suka gabata.

Ga ramin da kusan kowa ke faɗawa bayan ya yi nasara. Kana sake buɗe burauzar za ta ce ba a rufe ta daidai ba, ko kana son a dawo maka da shafukanka, ga maɓallin Restore. Kada ka taɓa shi. Wata ɗaliba daga Kongo ta zo mini tana kuka, ta ce, "Yaya, sau huɗu ina kashe ta tana dawowa, cutar ta shiga ciki." Babu abin da ya shiga. Ita ce duk lokacin da ta kunna take danna Restore da hannunta, tana sake gayyato shi. Rufe wannan ɗan akwatin kawai. Idan kuma an saita burauzarka ta riƙa ci gaba daga inda ka tsaya, to nan yanke intanet zai yi maka rana: shafin zai buɗe fanko, sai ka rufe shi hankali kwance kafin ka mayar da data.

Idan a waya ne

Yawancin masu zuwa wurina yanzu da waya suke zuwa, Tecno da Infinix da itel da Redmi. A waya salon ya ɗan bambanta. Wayar na iya yin kakkarwa a hannunka, a ce batirinka ya lalace ko za a toshe layinka cikin minti biyu, ga agogo yana ƙirgawa, a ce ka sauke wata manhaja ta wanke wayar. Hanyar shigowa kuma sananniya ce: saƙon WhatsApp na kyautar data ko tallafin gwamnati ko ɗaukar aiki, shafukan kallon ƙwallo kyauta, shafukan sauke fina-finai, da masu alkawarin tsofaffin tambayoyin jarrabawa.

Ja labulen sama ka danna alamar jirgin sama don yanke data. Kada ka ɓata lokaci kan maɓallin komawa baya, an riga an yi masa tarko. Dubi saman Chrome, akwai ɗan akwati mai lamba a ciki, shi ke nuna yawan shafukan da ke buɗe. Danna shi, ka ture mugun shafin gefe ko ka danna X ɗinsa. In wurin adireshin ya ɓuya, ja yatsa daga sama zuwa ƙasa zai fito.

Wasu suna share burauzar daga jerin manhajojin da ke buɗe, su ɗauka an gama. Ba a gama ba, shafin yana nan, zai dawo da ka sake buɗewa. Idan wayar ta ƙi motsi, shiga Settings, sai Apps, ka nemi burauzar, ka danna Force stop, sannan ka buɗe ta babu data ka rufe shafin. Phoenix da Opera ma haka ake yi musu. A iPhone kuwa, shiga Settings ka nemi Safari, ka danna Clear History and Website Data.

Abin da ya fi dagula mutane a waya shi ne sanarwa. Shafin yakan ce danna Allow don tabbatar da kai mutum ne, ko don bidiyo ya fara. Kana dannawa ka ba shi izinin aiko maka saƙo ko bayan ka rufe shi. Sai ka wayi gari wayarka tana ta fito da gargaɗin cuta da hotunan da ba ka so iyalinka su gani. Wata Hajiya daga cikin birni ta kusa sayar da wayarta a wulaƙance saboda wannan, tana ganin ta lalace. Maganinsa bai kai minti uku ba. Buɗe Chrome, danna ɗigo ukun nan na kusurwa, sai Settings, sai Site settings, sai Notifications. Duk sunan da ba ka sani ba a cikin waɗanda aka ba izini, toshe shi ko ka cire shi. A kwamfuta ma wurin yana nan ƙarƙashin Privacy and security.

Bayan ƙura ta lafa, a yi 'yar shara. Danna Ctrl da J ka ga abin da aka sauke, duk fayil ɗin da ba kai ka nema ba ka goge shi ba tare da ka buɗe ba. A waya ka duba babu wani fayil mai ƙarewa da apk, ka kuma duba jerin manhajoji ko akwai baƙuwa. Duba ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza a ƙarƙashin Extensions. Share tarihin ranar da Ctrl da Shift da Delete don kada ka sake faɗawa bisa kuskure. Sannan ka sa Windows Security ta bincika kwamfutar, kyauta take zuwa da Windows, ba sai ka sayi komai ba.

Idan ka riga ka kira

Kada kunya ta sa ka yi shiru, nan ne ainihin ɓarnar take. Wanda zai amsa wayar zai yi maka magana cikin ladabi, ya ce ka sauke AnyDesk ko TeamViewer. Manhajoji ne na halak, mu ma masu gyara muna aiki da su, amma duk wanda ka karanta wa lambar da suka nuna ka miƙa masa linzamin kwamfutarka. Daga nan igiyar akuya ta tsinke, kuma kai ka kwance ta. Zai iya ganin fayilolinka, ya buɗe imel ɗinka, ya sa ka shiga asusun banki yana kallo.

In hakan ta faru, yanke intanet yanzu-yanzu, ka cire manhajar. Da wata na'ura daban, ba wadda aka shiga ba, ka canza kalmar sirrin imel ɗinka tukuna, domin da shi ake karɓe sauran, sannan na Facebook da na banki. Idan ka ba da lambar katin ATM, ko lambar sirrinsa, ko BVN, ko 'yar lambar nan ta tabbatarwa da banki ke turowa, kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka a toshe shi, ko ka hau babur ka tafi reshensu a PZ ko Samaru tun kafin a tashi. Kada ka nemi lambar banki a shafin da ka gani a intanet cikin gaggawa, akwai na bogi a nan ma. Ajiye hoton shafin da lambar da ka kira da shaidar duk kuɗin da ya fita, za a buƙace su in za ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta shafi irin wannan zamba. Ita kuma kwamfutar a kai wa wanda ka amince da shi ya duba ta sosai.

Ba na so a fahimce ni kamar ina cewa babu cuta ta gaskiya. Akwai wadda ke kulle fayiloli da gaske, irin WannaCry da ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila a watan Mayun 2017. Bambance su ba wuya. In ka rufe burauza, ka sake kunna kwamfuta, komai ya koma daidai kuma takardunka suna buɗewa, to shafi ne kawai ya tsorata ka. In kuwa saƙon yana fitowa tun ba ka buɗe burauza ba, ko sunayen fayilolinka sun canza sun ƙi buɗewa, kashe ta, kada ka soka mata fulash, ka kawo a duba.

Turken nan da na ambata ma yana da ƙarfi ne muddin ana sabunta burauza. Wannan ya fi damuna a Zariya, domin kwamfutoci da yawa da ake sayowa na hannu har yanzu Windows 7 ke kansu, ita kuwa Chrome ta daina sabunta kanta a kan Windows 7 tun farkon 2023. Windows 10 ma Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tsohuwar burauza tana da ɓarakar da aka daɗe da sani ba a toshe ba, kuma mugun shafi na iya bi ta nan ko ba ka danna komai ba. In kwamfutarka irin wannan ce, kada ka riƙa shiga banki da ita.

Shi dattijon nan, kafin ya tafi na buɗe tarihin burauzarsa muka duba tare. Shafin kallon ƙwallo ne, an buɗe shi daren Juma'a. Ya yi shiru, sannan ya ce jikansa ne ya ari kwamfutar.

"Baba, kada ku yi masa faɗa sosai. Shi ma bai san da tarkon ba."

"To ya za a yi, ɗana? Ba zan hana shi ba, da ita yake karatu."

Na buɗe wa yaron asusunsa daban a kwamfutar, wanda ba ya iya sa wata manhaja sai da kalmar sirrin kakansa. Na sabunta burauzar, na toshe sanarwar shafuka uku da na tarar an ba izini. Sannan na yanki 'yar takarda na rubuta layi uku da manyan baƙaƙe: riƙe Esc, Ctrl da W, kada a danna Restore. Na manna ta da salatif a gefen madannan, inda idonsa zai fara sauka in ya ɗaga murfin.